Malam Abdullahi na Gwandu: Daga Fagen Fama Zuwa Buzun Karatu

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya ɗaukaka ilmi da ma'abotansa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, Kaduna garin soja ne, kuma garin makarantu ne. Tun da Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan a 1917, bariki bai rabu da garin nan ba. A nan aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA a 1964. Daga Kawo zuwa Unguwar Shanu, daga Unguwar Sarki zuwa Unguwar Rimi, da wuya ka sami unguwar da babu gidan wani tsohon soja, wanda ya je Bama a yaƙin duniya na biyu, ko ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Yaron Kaduna yana tasowa yana ganin kaki a wannan gefe, allo da littafi a wancan gefe. Zuciyar saurayi kuwa, kowa ya sani, ta fi karkata wajen kaki.

Saboda haka muka ga ya dace mu kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda ya riƙe takobi ya kuma riƙe alƙalami, ya san nauyin kowanne, sa'an nan ya nuna da rayuwarsa wanne ne ubangida wanne ne bara. Wannan shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi wajen shekara ta 1180 bayan hijira, daidai da 1766 ko 1767, a ƙasar Gobir. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa'u, daga cikin Fulani Torankawa, gidan da aka sani da karatu tun kaka da kakanni. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a 1754, ya girme shi da shekara goma sha biyu ko kusa da haka.

Alƙur'ani a hannun mahaifinsa ya karanta shi. Da ya kai shekara goma sha uku sai aka danƙa shi ga wansa Shehu Usmanu, ya zama almajirinsa. A wurinsa ya karanta irin littattafan da har yau ake karantawa a zaurukanmu: Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, Ajurumiyya a nahawu, Ishiriniya, da waƙoƙin Larabawa na dauri waɗanda ake koyon lugga da su. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin da Shehu kansa ya yi karatu a gabansa, ya kuma saurari Sahihul Buhari wurin Malam Muhammadu ɗan Raji bayan dawowarsa daga aikin hajji.

Yaya aka yi muka san wannan duka? Shi da kansa ya rubuta. A 1812 ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya, da littafin da ya karanta a gaban kowannensu. Ku lura fa, a lokacin nan ya riga ya jagoranci runduna, ya ci birane, yana riƙe da rabin ƙasa. Amma da ya zauna zai ba da labarin kansa, sunayen malamansa ya lissafta. To, ɗan'uwa, tambayi kanka: in aka ce ka faɗi malamanka, ka faɗi littafin da ka sauke a gaban kowanne, sunaye nawa za ka iya kawowa?

Shekarun wa'azi

Kafin a harba kibiya ko ɗaya, Shehu da jama'arsa sun yi kusan shekara talatin suna karantarwa da wa'azi, tun daga wajen 1774. Da Abdullahi ya tasa, sai ya zama na hannun daman Shehu a wannan aiki. Ɗegel ce mazauninsu, daga can suke fita zuwa ƙasar Kabi da sauran wurare, suka kuma zauna Zamfara wajen shekara biyar suna karantar da talakawa tsarki da salla da tauhidi cikin harshen da suke ji.

A wannan zamani ne wani malami da ake kira Mustafa Gwani ya aiko wa Shehu da waƙa, yana sukarsa a kan barin mata suna zuwa wurin wa'azi. Shehu ya umurci Abdullahi ya ba da amsa. Ya amsa da waƙa a kan irin ma'auni da amsa-amon da aka aiko da ita. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne, su ba su yarda da cakuɗuwar maza da mata ba, amma barin mata cikin jahilci, ba su san abin da Allah Ya wajabta musu ba, ɓarnarsa ta fi girma. Ku ji fa, shekara fiye da ɗari biyu ke nan da yin wannan magana, amma har gobe akwai saurayin da yake ganin hana ƙanwarsa karatu shi ne kishin addini.

Yana tare da Shehu a Magami wajen 1788, ranar idi, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiya ba. A maimakonta ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai son amsawa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Abdullahi yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ga wannan da idonsa.

A fagen fama

Bayan Bawa al'amura suka sake. Sarki Nafata ya kafa dokokin takura wa jama'ar Shehu. Yunfa ya hau, abin ya ƙara tsanani, har aka kai hari Gimbana, garin wani almajirin Shehu mai suna Abdussalami, aka kama mutane. Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A can jama'a suka yi masa mubaya'a, Malam Abdullahi ne farkon wanda ya miƙa hannu, sa'an nan Muhammadu Bello ɗan Shehu.

A watan Yuni na 1804 aka haɗu a Tabkin Kwatto. Yunfa ya zo da dawaki masu lifidi, da Buzaye masu taimakonsa. Jama'ar Shehu yawancinsu 'yan ƙasa ne masu kwari da baka, dawakinsu kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya ja rundunar ranar nan shi ne Malam Abdullahi, malamin nahawu da tafsiri, yana da shekara talatin da bakwai ko da takwas. Allah Ya ba su nasara, Yunfa ya gudu ya bar kayansa. Daga baya Abdullahi ya yi waƙa a kan wannan rana.

Sai dai yaƙi ba kullum ake yin Kwatto ba. A ƙarshen wannan shekara suka kai hari Alƙalawa, babban birnin Gobir, kibiya ta sami Malam Abdullahi a ƙafa. Yana jinya aka yi karon Tsuntsuwa, inda aka yi wa jama'a mummunar ɓarna. Masu tarihi sun ce cikin waɗanda suka kwanta dama a nan akwai mahaddatan Alƙur'ani wajen ɗari biyu. Da masu gudu suka iso inda yake, sai ya tashi yana ɗingishi ya tare su, ya mayar da su. Ku yi tunanin malamin da ya san shekara nawa ake yi kafin yaro ɗaya ya haddace Alƙur'ani, ga shi yana binne ɗari biyu a yini guda.

A watan Afrilu na 1805 shi da Aliyu Jeɗo suka ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hoɗi ya fita. Wannan ne ya ba jama'a damar komawa Gwandu da zama. Amma kafin shekarar ta ƙare aka yi karon Alwasa, wanda ya fi ba Malam Abdullahi ciwo. A kan hanyar fita, rundunar ta auka wa wani gari wanda ke zaman amana da su, ta washe shi. Shi da Bello suka yi ƙoƙarin hanawa, ba a ji maganarsu ba. Da aka haɗu da abokan gaba a Alwasa, aka karya rundunar, mutanen kirki da yawa suka rasu, har maƙiya suka biyo su bakin Gwandu kafin Allah Ya kawo ɗauki. Malam Abdullahi bai ɗora laifin a kan ƙarfin maƙiya ba. A wurinsa, rundunar da ta ci amana ta riga ta karya kanta tun kafin ta ga abokin gaba.

Tafiyarsa Kano

Daga nan zuciyarsa ta fara yin sanyi da abin da yake gani. Abokansa na zaure, waɗanda suka yi hijira saboda Allah, yawancinsu sun rasu a fagen fama. Waɗanda suka cika sahu a bayansu, da yawa abin da ke gabansu shi ne ganima, da sarauta, da dawaki, da manyan riguna. Wajen 1807, ana kan hanyar wani hari zuwa Alƙalawa, sai ya saki runduna, ya ɗauki 'yan abokan tafiya kaɗan, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Ku duba fa, waziri ne, babban kwamanda ne, kuma jama'arsa na kan hanyar cin ƙasa. A irin wannan lokaci ne kowa ke matsowa kusa don a raba da shi, shi kuwa a lokacin ya juya baya.

Ya iso Kano zamanin Sarki Sulaimanu. Mutanen Kano suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su. Ya ga irin abin da ya gudo dominsa shi ne ya tarar a nan ma. Sai ya koma ga sana'arsa ta asali. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani daga farko har ƙarshe, ya daidaita musu alƙiblar masallaci, ya kuma rubuta musu littafin Diya'ul Hukkami, wanda malaman zaure ke kira Liya'ul Hukkami. A ciki ya bayyana yadda ake naɗa shugaba, da abin da ke kansa na haƙƙin talakawa, da ayyukan alƙalai da sauran wakilai, da iyakokin da shari'a ta sa wa yaƙi. Daga nan ya fasa tafiya gabas, ya koma wajen Shehu.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Malam Abdullahi ya ci gaba da jan runduna ta fuskar yamma, har ƙetaren kogin Kwara. Da Shehu ya koma Sifawa, shi kuma ya zauna Boɗinga kusa da shi, shi ya sa ake yi masa laƙabi da Mai Boɗinga. Wajen 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi.

A waɗannan shekaru ya saɓa wa Shehu a kan wasu mas'aloli, kamar kiɗa da bushe-bushe, da tufafin ado ga masu mulki, da sunayen sarauta irin na da. Shi yana tsanantawa, Shehu yana sassautawa. Kowannensu ya rubuta littafi ya kawo hujjarsa daga maganganun malamai. Ba a ji ɗaya ya kafirta ɗaya ba, ba a ji sun raba masallaci ba. Abdullahi ya ci gaba da zama almajiri mai ladabi a gaban wansa har ƙarshe.

Jarrabawar mulki

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Mutane da yawa suna ganin Malam Abdullahi ne zai gaje shi, don shi ne babba, shi ne waziri, kuma babu wanda ya kai shi ilmi. Amma manyan Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a. Masu tarihi sun ruwaito cewa da ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari. Abin ya yi masa zafi, shi ma ɗan Adam ne. To, me ya yi? Yana da runduna, yana da rabin ƙasa, yana da masu zuga shi. Ya juya ya koma Gwandu, bai zare takobi a kan ɗan wansa ba.

Wajen 1820 sauran mutanen Abdussalami, wanda ya yi wa Bello tawaye aka kashe shi, suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka tsananta wa Malam Abdullahi. Bello ya taso daga Sakkwato ya kawo masa gudummawa, aka ci garin. An ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa kuma malaminsa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. A nan maganar ta mutu. Da ya bi zuciya a 1817, da daular nan ta dare biyu tun tana jaririya.

Komawa kan buzu

Bayan Kalambaina ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya zauna Gwandu yana karantarwa yana rubutu. Dama ko a tsakiyar yaƙi bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa da labarin yadda al'amarin ya gudana. Ya gama babban tafsirinsa Diya'ut Ta'awili wajen 1816. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya sake rubuta wani gajere mai sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, a kan ruwayar Warshu da mutanen ƙasar nan ke karatu da ita. Wannan halin malamin makaranta ne na sosai, wanda idonsa ke kan yaron da ke sahun baya.

Yana da Bahrul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu, da Miftahut Tafsiri a ilmin Alƙur'ani. Yawancin irin waɗannan a waƙe ya tsara su, don ɗalibi ya sami sauƙin haddacewa a zamanin da takarda ke da tsada kuma babu injin ɗab'i. Ya taƙaita littafin Madkhal na Ibnul Hajji ya kira shi Lubabul Madkhali, ya kuma rubuta Fara'idul Jalila a kan Alƙur'ani da ladubban koyonsa da koyar da shi. Saboda ƙwarewarsa a Larabci har laƙabin Balaraben Sudan aka yi masa. Cikin waɗanda suka yi karatu a gabansa akwai Sarkin Musulmi Bello kansa, da ɗansa Halilu wanda ya yi sarautar Gwandu daga baya.

Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1245 bayan hijira, daidai da 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai. In ka lissafa, shekarun da ya yi yana jan runduna ba su kai goma ba in aka haɗa su. Shekarun da ya yi yana karantarwa sun haura arba'in.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, ilmi ne ke gaba. Malam Abdullahi ya shekara fiye da ashirin yana durƙuso gaban malamai kafin ya taka fagen fama, kuma bai fita ba sai da aka kore su daga gidajensu, aka biyo su da yaƙi, a ƙarƙashin shugaban da malamai suka yarda da shi. Wanda ya tsallake karatu ya ɗauki makami, mun ga ƙarshensa da idonmu. Mun gani a Kano a 1980 zamanin Maitatsine, mun gani a nan Rigasa a 1982, mun gani a Maiduguri daga 2009. Jinin Musulmi da na maƙwabtansu ya zuba a banza, aka bar marayu da zawarawa. Duk wanda ya zo maka da sunan Shehu da Abdullahi yana kiranka ga tashin hankali, tambaye shi littafi nawa na Abdullahi ya sauke, kuma a gaban wa.

Na biyu, gaskiya ba ta da ɓangare. Zafin alƙalaminsa a kan mutanensa ya fi zafinsa a kan Gobirawa. Mu kuwa yau laifin ƙungiyar wasu muke hange, namu mu rufe shi da tabarma. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Na uku, muƙami ba ya cikin abin da ake fasa jama'a dominsa. Mutumin da ya fi kowa cancanta a idon mutane da yawa ya rasa sarautar Musulmi, ya haƙura. Mu kuwa shugabancin kwamitin masallacin unguwa ya isa ya raba mu gida biyu, har a kai ga kotu.

Na huɗu, ku girmama aikin koyarwa, ku shige shi. Saurayin da ya gama sakandare ko jami'a yana zaune bakin titi yana jiran aikin ofis, ga Islamiyyar unguwarsu ba ta da malamin lissafi ko na tajwidi, me ya hana shi? Haka kuma dattawan nan da suka ajiye kaki suka ɗauki alli, suka ƙare ƙarfinsu a firamare da makarantun dare, ku gaishe su, ku zauna ku ji daga bakinsu tun suna raye. Wanda ya ga yaƙi da idonsa ba ya yi masa kirari.

Garuruwan da Malam Abdullahi ya ci, Turawa sun karɓe su a farkon ƙarni na ashirin, Sakkwato kanta ta faɗa hannunsu a 1903. Littattafansa kuwa suna nan. An buga Diya'ut Ta'awili a Alƙahira a 1961, an buga Tazyinul Waraƙati tare da fassarar Turanci a Ibadan a 1963. A nan Kaduna, Gidan Arewa da ke kan titin Rabah da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa suna ajiye da rubuce-rubucen malaman Sakkwato na hannu. Ba nisa gare ku. Ku nemi malamin da ya iya, ku ɗauki littafi ɗaya daga cikin littattafan bawan Allahn nan, ku fara daga shafin farko.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, da Shehu Usmanu, da Sarkin Musulmi Bello, da dukkan malamanmu da iyayenmu. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani da aiki da shi, Ya tsare matasanmu daga fitina, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.